A Tuɓe Takalma

Shekara goma sha tara ina jan tiyo
a makarantar firamare ta Mai Wurno,
daga bakin Nilu zuwa bayan raga,
famfo na tari, ni ina lallashi,
don dai a wayi gari da ciyawa.

Sai ga saƙo daga Jidda.
Sidiƙu ne, ɗan gidan Goni Attahiru,
wanda na sha kora yana tsallake danga,
yau ya zama mai shagon tayoyi.
Ya ce ga riyal, a shimfiɗa ta roba,
kore shar, rani da damina,
ba yanka, ba taki, ba shayarwa.

Da saƙon aka haɗo ɗan samfuri,
faɗinsa bai kai dardumar salla ba.
Aka ɗora shi kan tebur ranar taro,
kowa na shafa shi kamar jariri ranar suna.
Ni ina bakin ƙofa,
ba a kira ni ba, ba a kuma kore ni ba,
na jingina da bango ina saurarawa.

Ustaz Babikir, ma'aji, ya buɗe littafi:
kuɗin man famfo na wata shida, ga shi.
Kuɗin iri. Kuɗin gyaran bel.
Awakin Hajja Batula sun cinye kusurwa
sau uku, an biya mai gyaran danga.
Da damina laka ta haɗiye ƙwallo biyu
da takalmin alƙalin wasa, ƙafar hagu.
Gaskiyarsa. Ba ni da bakin musawa.

Sai Sitti Nafisa, mai koyar da lissafi,
ta ce, shekara nawa take yi?
Aka ce takwas, in an ci sa'a goma.
Ta ce, sannan fa? Wa zai sake saya?
In ta tsufa ina za mu kai ta,
kogi ko bola?
Aka yi tsit,
fanka kaɗai ke juyawa.

Nan na yi gyaran murya.
Na ce, ni ban yi karatu ba, ku yafe ni.
Amma yaranmu ɗari uku da 'yan kai,
masu takalmin ƙwallo ba su cika goma ba.
A ba ni koren nan in kai shi rana,
mu sha shayi, mu yi azahar,
sannan kowa ya tuɓe nasa ya taka.
Tafin ƙafa ba ya karɓar rashawa.

Aka yi dariya. Aka ba ni.

Ƙarfe biyu muka fito a jere.
Ustaz ya fara, da ƙafar dama,
ya fizge ta kamar ya taka kunama,
ya saki wata kalma da ba a koyarwa.
Hedimasta ya cije, ya ƙirga zuwa biyar,
ya diro kan tawa, mai sanƙo, mai ƙaiƙayi,
ya tsaya nan yana lumshe ido
kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Kada ku ce na ci wasa.
Littafin Babikir bai zubar da sifili ko ɗaya ba,
famfo na nan da tarinsa,
gwiwata ma ta buɗe nata littafin,
kuma ban ga yaron da ke son gadon tiyo ba.
An rubuta wa Sidiƙu: mun gode ƙwarai,
ko riyal ɗin zai iya zama sola da shingen waya?
Wata biyu ke nan, shiru.
Wataƙila fushi, wataƙila kasuwa.

Samfurin yana ƙofar ofis yanzu,
ana goge laka a kansa, ya sami aiki.
Jiya akuyar Batula ta shinshina shi,
ta dube ni, ta wuce bayan raga,
inda na yi ban-ruwa da asuba.
Na ɗaga sanda.
Na sauke.
Shaida ta bayar, ba a dukan mai shaidawa.